Daƙiƙa 73: Tarihin Kumbon Challenger da Mutum Bakwai da Suka Tafi da Shi

1957 zuwa 1962: yadda tseren ya fara

Ranar 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko. Dunƙulen ƙarfe ne mai nauyin kusan kilo 84, ba ya komai sai fitar da wata 'yar ƙara ta rediyo, amma ƙarar nan ta hana Amurka barci. Rokar da ta iya ɗaga ƙarfe zuwa sama ai za ta iya sauke bam a birnin Washington. Kafin shekara ta zagayo Amurka ta buɗe hukumar NASA, yaƙin cacar baka kuma ya tashi daga doron ƙasa ya koma sararin samaniya.

Sobiyet ta sake shan gaba ranar 12 ga Afrilu, 1961, lokacin da Yuri Gagarin ya kewaya duniya sau ɗaya ya sauko lafiya. Makonni shida bayan haka Shugaba John Kennedy ya tsaya gaban majalisa ya ɗauki alkawarin kai Ba'amurke duniyar wata kafin 1970. A shekarun nan ne NASA ta jera tashoshin bibiyar kumbo a sassan duniya, ɗaya daga cikinsu a Kano, wadda ta bi sawun John Glenn lokacin da ya kewaya duniya sau 3 ranar 20 ga Fabrairu, 1962.

Tun kafin kowa ya bar ƙasa tseren ya ci rai. A Maris 1961 wani matashin Sobiyet mai shekara 24, Valentin Bondarenko, ya ƙone a ɗakin horo da aka cika da iskar oksijin. Moscow ta rufe maganar ruf, ba ta bari an buga ta ba sai 1986. Saboda haka Amurkawa ba su ji ba, balle su yi hattara.

1967 da 1971: jini na farko a cikin kumbo

Ranar 27 ga Janairu, 1967, Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee suna zaune cikin kumbon Apollo 1 a Florida. Gwaji ne kawai, rokar ko mai babu a cikinta. Amma an cika ɗakin da oksijin zalla, ga wayoyin lantarki birjik, ga tarkacen leda da yadi masu saurin kamawa. Tartsatsi ɗaya ya wadatar. Ƙofar kuwa ciki take buɗewa, matsin iska ya danne ta, ma'aikata suka shafe wajen minti 5 kafin su ɓalle ta. Hayaƙi ya riga ya kashe su ukun. NASA ta sake ƙera ƙofar ta koma buɗewa waje cikin daƙiƙoƙi, ta sauya iskar da ake zubawa kafin tashi, a Yuli 1969 kuma Neil Armstrong ya taka wata.

Wata uku bayan gobarar Apollo, ranar 24 ga Afrilu, 1967, laimar saukar kumbon Soyuz 1 ta ƙi buɗewa, Vladimir Komarov ya faɗo ƙasa a yankin Orenburg. Ana ba da labari cewa ya san ba zai dawo ba, ya hau ne don kada a tura amininsa Gagarin, kuma wai an ji shi ta rediyo yana tsine wa waɗanda suka ƙera kumbon. Wannan ruwaya ta bazu ne daga wani littafi na 1998 da ya dogara da bakin wani tsohon jami'in leƙen asiri, masana tarihin Sobiyet kuma ba su sami abin da ya tabbatar da ita a rubuce ba. Abin da ke rubuce shi ne kumbon yana da matsaloli da aka gani a gwajin da ya gabata, aka harba shi a haka.

A ƙarshen Yuni 1971 kuma Georgi Dobrovolski da Vladislav Volkov da Viktor Patsayev suna dawowa daga tashar Salyut 1 bayan sama da mako uku, wani bawul ya buɗe a nisan kilomita 168, iskar ɗakin ta tsere. Ba su sanye da rigar kariya, domin ɗakin ba zai ɗauki mutum uku da riguna ba. Kumbon ya sauka daidai, aka buɗe aka tarar da gawarwaki.

1972 zuwa 1985: kumbo mai zuwa ya dawo

Da aka ci tseren wata sai aljihu ya fara magana. Kowace tafiyar Apollo tana cinye roka sukutum, majalisa kuma ta gaji da biya. NASA ta kawo shawarar kumbo mai fuka-fuki, wanda zai tashi kamar roka, ya sauka kamar jirgin sama, a yi masa kwaskwarima a sake harba shi. Shugaba Richard Nixon ya amince ranar 5 ga Janairu, 1972, amma da kuɗin da bai kai abin da aka nema ba. Don a samu goyon baya, aka yi alkawarin cewa kumbon zai ɗauki kayan sojoji da na 'yan kasuwa da na masana gaba ɗaya, kuma zai riƙa tashi kusan kowane mako. Wannan alkawari ne ya zame wa NASA ƙarfen ƙafa.

Tsimin kuɗi ya shiga cikin ƙirar kanta. Aka ɗaura kumbon a gefen wani ƙaton tankin mai, aka maƙala wa tankin rokoki biyu masu daskararren mai, waɗanda in an kunna su ba a iya kashewa sai sun cinye kansu cikin minti biyu. Kumbunan Mercury da Apollo da Soyuz duk suna da wata ƙaramar roka a ka, mai fizge ɗakin mutane ta gudu da shi idan babbar ta lalace. A Satumba 1983 irin wannan ta ceci 'yan sama jannatin Sobiyet biyu daga rokar da ta kama da wuta a dandalin harbawa. Sabon kumbon Amurka ba shi da ita.

Kamfanin Thiokol na jihar Utah ne ya sami kwangilar rokokin a 1973. Tsawon kowace ya kai wajen mita 45, don haka gunduwa-gunduwa ake kai su Florida a jirgin ƙasa, a harhaɗa a can. A kowace mahaɗa akwai zoben roba guda biyu, kaurin kowanne wajen milimita 7, aikinsu ɗaya da na robar da ke bakin tukunyar gas ta girki: su toshe kafa kada iska mai zafi ta sulale. Tun a gwajin 1977 aka gano cewa a daidai lokacin kunnawa mahaɗar tana ɗan buɗewa maimakon ta matse. Robar dole ta yi saurin bin gurbin ta cike shi, in ta makara wuta ta samu hanya.

Na farko a cikin sababbin kumbunan, Columbia, ya fara tashi ranar 12 ga Afrilu, 1981. A tafiya ta biyu, cikin Nuwamba, aka tarar zafi ya ci wani ɓangaren zoben roba. Duk da haka bayan tafiya 4 kacal Shugaba Ronald Reagan ya ayyana cewa gwaji ya ƙare, aiki ya kankama. Aka daina amfani da kujerun da ke cilla matuƙa waje, 'yan sama jannati suka ajiye rigunan kariya suka koma tashi da shuɗiyar rigar aiki da hular kwano. Challenger ya shigo layi a Afrilu 1983, ya zama jakin hukumar: shi ya ɗauki Sally Ride, Ba'amurkiya ta farko a sama, shi ya ɗauki Guion Bluford, baƙar fatan Amurka na farko.

Robar kuwa ta ci gaba da ƙonewa jefi-jefi. Duk lokacin da aka ga ɓarna sai a rubuta, a tattauna, a ce ai kumbon ya dawo lafiya, ke nan ɓarnar ba ta wuce kima ba. A Janairu 1985 aka harba kumbon Discovery cikin sanyi, zafin robar yana wajen digiri 12 a ma'aunin Selshiyas. Da injiniya Roger Boisjoly na Thiokol ya duba rokokin da aka tsamo daga teku, ya ga baƙar toka ta ƙetare zobe na farko ta isa na biyu. Ranar 31 ga Yuli, 1985, ya rubuta wa shugabanninsa takarda yana gargaɗin cewa in ba a gyara ba za a yi asarar kumbo da rayuka. Aka kafa ƙaramin kwamiti, ba a ba shi kuɗi ko ma'aikata na a zo a gani ba. A shekarar an yi tafiya 9, jadawalin 1986 kuma ya tanadi 15.

Mutum bakwai

Zuwa wannan lokaci tafiya sama ta fara zama abin tafiya da baƙi. Sanata Jake Garn ya je a Afrilu 1985, Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya bi a Yuni, ya zama Balarabe kuma Musulmi na farko da ya je. Reagan ya riga ya sanar a 1984 cewa za a tura malamin makaranta. Sama da malamai 11,000 suka nema, aka zaɓi Christa McAuliffe, mai shekara 37, uwar 'ya'ya biyu, wadda ke koyar da tarihi da zamantakewa a wata sakandare a Concord ta jihar New Hampshire. An shirya za ta ba da darasi biyu kai tsaye daga sama. Mace ce mai fara'a da iya magana, ita ce ta dawo da hankalin 'yan jarida kan shirin da suka fara gajiya da shi.

Kwamandan tafiyar, Dick Scobee, mai shekara 46, ya shiga rundunar sojin sama ne a matsayin makanikin inji, ya yi karatun dare har ya zama matuƙi. Mataimakinsa Michael Smith, matuƙin sojin ruwa mai shekara 40, wannan ce fitarsa ta farko. Judith Resnik, dakta a injiniyan lantarki, ita ce Ba'amurkiya ta biyu da ta je sama, a 1984. Ellison Onizuka jikan Japanawa ne da suka yi ƙaura zuwa Hawaii, ya tashi a yankin gonakin kofi na Kona. Gregory Jarvis injiniyan kamfanin Hughes ne, kuma ba wannan ce tafiyarsa ta asali ba. Sau biyu ana cire sunansa don a ba ɗan siyasa kujera, na farko Sanata Garn, na biyu ɗan majalisa Bill Nelson, har rabo ya kawo shi Challenger.

Sai Ronald McNair, mai shekara 35, baƙar fata daga Lake City a Carolina ta Kudu, inda ya girma a zamanin wariyar launin fata. Yayansa ya ba da labarin cewa yana ɗan shekara 9 ya shiga ɗakin karatun garin, wanda na farare ne kaɗai, ya ƙi fita sai an ba shi aron littattafai, har aka kira 'yan sanda da mahaifiyarsa, ƙarshe ya fita da littattafan. Ya yi digirin dakta a kimiyyar lissafi da haske a jami'ar MIT a 1976, gwani ne a karate, kuma a tafiyarsa ta 1984 ya busa saksofon a sararin samaniya. Ginin ɗakin karatun nan yau sunansa yake ɗauke da shi.

27 ga Janairu, 1986: daren gardama

An ɗage tafiyar sau da dama. Tafiyar Columbia da ta gabace ta ta yi ta jinkiri. Yanayi ya ɓaci a Dakar ta Senegal, filin da aka tanada don saukar gaggawa, aka koma Casablanca. Ranar 27 ga wata, wata ƙusa ta maƙale a marikin ƙofa, kafin a yanke ta iska ta taso. Gidajen talabijin suka fara yi wa NASA shaguɓe. Sannan masu hasashen yanayi suka ce daren zai yi sanyin da Florida ba ta saba gani ba, ƙasa da sifiri sosai.

Da daddare aka haɗa taro ta wayar tarho tsakanin Thiokol a Utah da cibiyoyin NASA biyu, Marshall a Alabama da Kennedy a Florida, mutum sama da 30. Boisjoly da abokin aikinsa Arnie Thompson suka yi bayani cewa sanyi yana sandarar da roba, ba za ta yi saurin toshe gurbin ba. Thiokol ta ba da shawara a hukumance: kada a harba in zafin bai kai digiri 12 ba, domin ba a taɓa gwadawa ƙasa da haka ba. Jami'an NASA suka harzuƙa. Lawrence Mulloy, mai kula da shirin rokokin, ya tambaya ko so suke ya jira har watan Afrilu. George Hardy na NASA ya ce shawarar ta girgiza shi, ko da yake ya ƙara da cewa ba zai harba ba in kamfanin bai yarda ba.

Adalci ya sa a faɗi cewa hujjar injiniyoyin tana da rauni a takarda. A Oktoba 1985 an ga irin wannan toka a tafiyar da aka yi cikin ɗumi, wajen digiri 24, jami'an NASA kuma suka riƙe wannan. Babu wanda ya jera dukan tafiye-tafiye 24 da suka gabata a jadawali ɗaya. Da an yi, da an ga cewa duk tafiyar da aka yi cikin sanyi robar ta sami rauni, a ɗumi kuwa jefi-jefi ne.

Thiokol ta nemi minti 5 ta yi shawara a keɓe, aka shafe rabin awa. Boisjoly da Thompson suka baje hotuna da zane a gaban shugabanninsu, ba wanda ya tanka. Babban mataimakin shugaban kamfanin, Jerald Mason, ya juya ga Bob Lund, shugaban sashen injiniyoyi, ya ce masa ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Manajoji huɗu suka yanke hukunci, ba a tambayi injiniyoyi ba. Allan McDonald, wakilin kamfanin a Florida, ya ƙi sa hannu, sai Joe Kilminster, ɗaya daga cikin manajojin huɗu, ya sa daga Utah ya aiko. A da, al'adar NASA ita ce mai son a tashi ya kawo hujjar cewa babu haɗari. A daren nan aka juya ta, aka ce mai son a dakata ya kawo hujjar cewa kumbon zai tarwatse. Manyan da ke da hurumin ba da izinin ƙarshe ba a gaya musu an yi wannan gardama ba, 'yan sama jannatin bakwai ma haka. Wani injiniyan Thiokol, Bob Ebeling, ya koma gida ya ce wa matarsa kumbon zai fashe.

28 ga Janairu, 1986

Gari ya waye ƙanƙara ta yi tsiri-tsiri a jikin hasumiyar harbawa. Kamfanin Rockwell da ya ƙera kumbon ya nuna damuwa, aka jinkirta don rana ta ɗaga. Da ƙarfe 11:38 na safe agogon Florida, wato 5:38 na yamma agogon Najeriya da Nijar, Challenger ya tashi, zafin iska yana digiri 2. Tafiya ta 25 ke nan a shirin, ta 10 ga Challenger. Iyayen McAuliffe da mijinta da 'ya'yanta suna wurin suna kallo.

Hotuna sun nuna daga baya cewa tun kafin cikar daƙiƙa ɗaya baƙin hayaƙi ya riƙa tsartuwa daga mahaɗar ƙasa ta rokar dama. Zobba biyun sun gaza nan take. Burbushin ƙonannen mai ya toshe kafar na ɗan lokaci, sai kumbon ya shiga wata iska mai ƙarfi da ta jijjiga shi. A daƙiƙa ta 58 harshen wuta ya ɓullo, ya doshi tankin mai da ƙarfen da ke riƙe rokar. A ta 64 tankin haidurojin ya fara yoyo. A ta 68 cibiyar kula da tafiyar da ke Houston ta ba da izinin ƙara wuta, Scobee ya amsa. A ta 73, a nisan kilomita 14, tankin ya wargaje, ƙarfin iska ya yayyaga kumbon. Sautin ƙarshe da na'urar ɗaki ta naɗa shi ne wata gajeriyar kalmar mamaki daga bakin Smith.

Akwai abubuwa da jama'a suka riƙe waɗanda bincike bai goyi bayansu ba. Ana cewa Amurka duka ta kalli abin kai tsaye, alhali CNN ce babbar tashar da ta nuna shi a lokacin, sai makarantun da NASA ta haɗa da tauraron ɗan Adam saboda malamar. Ke nan yara ne da yawa daga cikin shaidun farko. Ana kuma cewa mutanen sun mutu nan take. Ɗakin da suke ciki ya fita a dunƙule, ya ci gaba da hawa har kusan kilomita 20, sannan ya faɗo, ya daki teku bayan minti 2 da daƙiƙa 45 da gudun sama da kilomita 330 a awa. Masu ninƙaya sun gano shi ranar 7 ga Maris a zurfin mita 30. Cikin jakunkunan iskar gaggawa huɗu da aka samu, uku an kunna su da hannu. Rahoton Dakta Joseph Kerwin na NASA ya ce ba a iya tantance abin da ya kashe su ba, kuma mai yiwuwa sun suma cikin daƙiƙoƙi in iskar ɗakin ta fice. Wani rubutu da ke yawo wai kalamansu ne na ƙarshe suna faɗowa, ƙirƙirar jaridar tsegumi ce.

Reagan ya ɗage jawabin shekara da zai yi wa majalisa a daren, ya yi wa ƙasa ta'aziyya ta talabijin, ya keɓe wani sashe ga 'yan makaranta. An yi ta raɗe-raɗin cewa fadar White House ce ta matsa a harba don shugaban ya ambaci malamar a jawabin. Kwamitin bincike ya bi maganar bai sami shaida ba.

Fabrairu zuwa Yuni 1986: kofin ruwan ƙanƙara

Kwamitin yana ƙarƙashin William Rogers, tsohon sakataren harkokin waje, da Neil Armstrong a matsayin mataimaki, da Sally Ride, da Janar Donald Kutyna, da Richard Feynman, masanin kimiyya mai lambar Nobel wanda bai iya zaman jiran takarda ba. Da farko jami'an NASA sun yi ta kewaye-kewaye. McDonald ne ya ɗaga hannu a wani zama na sirri ya ce kamfaninsa ya ba da shawarar kada a harba. Ranar 11 ga Fabrairu, a gaban kyamarori, Feynman ya matse guntun robar da ɗan maƙalin ƙarfe, ya tsoma a kofin ruwan ƙanƙara, ya ciro ya saki, robar ta ƙi komawa yadda take. Shekaru da yawa bayan haka Kutyna ya ce Ride ce ta miƙa masa takardar da ke nuna tasirin sanyi a ɓoye, shi kuma ya ja hankalin Feynman a kai.

Rahoton ya fito a Yuni. Ya ɗora laifi a kan mahaɗar roka da sanyi, ya kuma ce hanyar yanke hukuncin kanta gurguwa ce, manajojin Thiokol sun sauya matsayi ne don su faranta wa babban abokin cinikinsu. Feynman ya dage sai da aka liƙa nasa bayanin a ƙarshe. A ciki ya nuna cewa manajojin NASA suna ƙiyasta haɗarin asarar kumbo da 1 cikin 100,000, wanda ke nufin a yi ta harbawa kullum har shekara 300 kafin a rasa ɗaya, injiniyoyinsu kuwa suna cewa kusan 1 cikin 100 ne.

Masu faɗin gaskiya ba su sha da daɗi ba. Kamfanin ya mayar da McDonald da Boisjoly gefe, sai da kwamitin da 'yan majalisa suka tsoma baki. McDonald ya dawo ya jagoranci sake ƙera rokar. Boisjoly ya bar aiki, abokan zama suka juya masa baya, ya ƙare rayuwarsa yana yawon jami'o'i yana lacca kan amanar aikin injiniya. A 1996 masaniyar zamantakewa Diane Vaughan ta fitar da littafi a kan lamarin, inda ta nuna cewa ba a sami wani mugu ɗaya da ya karya doka da gangan ba. Mutane ne masu ƙwazo da suka ga matsala ta maimaitu ba ta kashe kowa ba, har ta zame musu jiki. Bahaushe ya ce sabo turken wawa, a nan kuwa masu digiri ya ɗaure.

1988 zuwa 2003: aka gyara roba, hali ya dawo

An yi wata 32 ba a tashi ba. Aka ƙara zobe na uku, aka sa wa mahaɗar maƙali da na'urar ɗumama, aka dawo da rigunan kariya, aka janye kumbon daga dakon taurarin 'yan kasuwa. Discovery ya tashi ranar 29 ga Satumba, 1988, Endeavour kuma ya maye gurbin Challenger a 1992. Mahaɗar roka ba ta sake cin rai ba.

Wata matsalar ce ta gaji gurbinta. Soson da aka lulluɓe tankin mai da shi ya daɗe yana ɓantarewa yana dukan kumbo, ana rubutawa ana wucewa. Ranar 16 ga Janairu, 2003, daƙiƙa 82 bayan tashin Columbia, wani guntu da bai kai kilo ɗaya ba ya daki gaban fiffiken hagu. Injiniyoyi suka nemi a roƙi sojoji su ɗauki hoton fiffiken da taurarinsu, manajoji suka soke buƙatar. Ranar 1 ga Fabrairu, saura minti 16 a sauka, iska mai tsananin zafi ta shiga ta ramin, Columbia ya tarwatse a saman jihar Texas. Aka rasa Rick Husband da William McCool da Michael Anderson da David Brown da Laurel Clark da Kalpana Chawla, haifaffiyar Karnal a Indiya, da Ilan Ramon, ɗan Isra'ila na farko a sama. An tsinto gutsattsari wajen 84,000, masu nema biyu kuma suka mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu. Sally Ride, wadda ta zauna a kwamitocin bincike biyun, ta ce tana jin amon Challenger a cikin wannan. Rahoton kwamitin binciken da Admiral Harold Gehman ya jagoranta, na Agusta 2003, ya ce al'adar hukumar tana da laifi daidai da na soson.

2004 zuwa yau

A Janairu 2004 Shugaba George W. Bush ya sanar da cewa za a yi wa kumbon ritaya da zarar an kammala tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Barbara Morgan, malamar da ke bayan McAuliffe a layi, ta jira shekara 21 kafin ta tashi a Agusta 2007. Kumbon Atlantis ya rufe shirin a Yuli 2011. Tafiya 135, kumbo biyu cikin biyar sun salwanta, mutum 14 sun mutu, lissafin da ya fi kusa da na injiniyoyin da Feynman ya tambaya.

Ranakun Apollo 1 da Challenger da Columbia sun faɗo cikin mako guda na kalanda, don haka NASA take ware rana a ƙarshen kowane Janairu ta tuna da su, a maƙabartar Arlington da gaban baƙin dutsen da aka zana sunayensu a cibiyar Kennedy. Iyalan bakwai na Challenger sun kafa cibiyoyin koyar da yara kimiyya tun 1986. Tarkacen kumbon an rufe shi a tsofaffin ramukan makamai masu linzami a Cape Canaveral, sai a 2015 aka fito da wani ɓangare ɗaya don jama'a su gani, a 2022 kuma masu ninƙaya suka ci karo da wani babban yanki a ƙasan teku. Bob Ebeling ya yi shekara 30 yana ɗora wa kansa laifi. A Janairu 2016 ya faɗi haka a gidan rediyon NPR, ɗaruruwan masu sauraro suka rubuto masa, George Hardy da NASA kanta suka aiko da saƙon cewa ya yi abin da ya wajaba a kansa. Ya rasu a Maris na shekarar.

Daga 2011 zuwa 2020 Amurka sayen kujera ta riƙa yi a Soyuz na Rasha. A Oktoba 2018 rokar Soyuz ta lalace minti biyu bayan tashi, na'urar tsira ta fizge ɗakin, Nick Hague da Aleksei Ovchinin suka sauka da ransu a Kazakhstan. Kumbunan da Amurka ta ƙera don maye gurbin mai fuka-fukin, Dragon na kamfanin SpaceX da ya fara ɗaukar mutane a Mayu 2020 da Orion na NASA, duk sun koma tsohuwar ƙira: ɗakin mutane a can saman roka, inda soso ba zai faɗo masa ba, tare da injin da zai gudu da shi in wuta ta tashi a ƙasa.